Gefen da Ban Zagaya Ba

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

A irin wannan watan suka rufe mana garejin ma'aikata. Duk shekara in Agusta ya kama sai abin ya dawo mini ɗanye. Injinan da gwamnati ta tura ni har ƙasar Turawa na koyo aikinsu, su aka ɗora a sikeli aka sayar wa 'yan gwangwan kamar tukwanen da suka ɓule. Mutumin da ya ba da wannan umarni bai san sifana ba bai san guduma ba, amma har gobe shi ake shimfiɗa wa darduma a gaba in an je ɗaurin aure. Ni kuwa aka ce in tafi gida in huta. Abin da na tsira da shi kaɗai tsohuwar jif ɗin nan ce, ita ma sai da na shiga gwanjo na saya kamar baƙo. Har yanzu ana kirana Injiniya Inuwa, sai dai a Badarawar yau duk wanda ya iya canza gilashin waya injiniya ne.

To ita ma jif ɗin ta fara wata ƙara da ban san ta da ita ba. Ba ƙwanƙwasa ba ce, ba kuma ƙugi irin na birki ba. Gurnani ne siriri, kamar injin markaɗe yana aiki a bayan katangar maƙwabta. A cikin unguwa ba ta yi. Sai na hau kwalta, allura ta ɗan ɗaga, sannan ta taso daga ƙarƙashin kujera ta shiga tafin ƙafata. Tun ranar da muka je gona na ƙarshe take yi.

Na kai matata Hauwa'u asibiti, ita da autarmu Asma'u, da kulolin abinci. Yaron yana ɗakin maza, a sama. Ban shiga ba. Dole wani ya tsaya da mota.

Talata, 12 ga Agusta, bayan Azahar

"Yaron" na rubuta jiya. Ya haura arba'in, ga mata ga 'ya'ya, furfura ma ta fara masa a gemu, tarihi yake koyarwa a sakandare. Amma ɗan fari ne, ɗan fari kuwa ba a kiran sunansa, ba a sakar masa fuska a gaban mutane. Haka mahaifinmu ya yi da wana, haka na yi da shi. In ina son sa, "kai" nake cewa, ya amsa.

Da na dawo daga karatu babu al'adar da ban yi wa dariya ba. Ni na hana wanzami taɓa belin 'ya'yana. Ni na fara cin abinci da matata a kwano ɗaya a duk danginmu, har aka yi ta gulma. Wannan ɗayar ce kawai ban taɓa ba. Ta yi mini daidai, shi ya sa.

Ban shiga ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Na sauke su a asibiti na wuce ta Mando na hau babban titi don in saurara a tsanake. Aiki a jere ake yin sa, ba yadda yaran yanzu suke yi ba, a jona kwamfuta ta gaya maka abin da kunnenka ya kamata ya gaya maka.

Na ba ta wuta har ƙarar ta taso, sannan na taka kuloci na cire giya na bar ta tana gangarawa. Injin ya yi shiru, ƙarar tana nan. Ke nan ba injin ba ne. Na karkata sitiyari hagu, na karkata dama. Da boris ɗin taya ne da sautin ya canza in nauyi ya koma gefe ɗaya. Bai canza ba, ko kuma kunnena ne ya tsufa. Na taka birki a hankali, babu bambanci. Na tsaya na shafa tayoyin baya da hannu, babu tudu babu zaizaya. Salansa tana ɗaure.

Irin waɗannan tsofaffin motoci, a cibiyar kowace tayar gaba akwai wani makulli da ake murɗawa da hannu. In za a shiga taɓo sai a sauka a kulle duka biyun, motar ta ja da ƙafa huɗu. In an fito a sake sauka a buɗe, in ba haka ba ƙarafan gaba su yi ta juyawa a banza suna cin kansu. Tun ranar farko na leƙa na gefena, na gan shi a buɗe yadda ya kamata, na cire wannan daga zargi.

Daga baya ƙarar take. Na tabbata daga baya take.

Asabar, 16 ga Agusta, da safe

Yau Asabar. Ba mu je gona ba.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

Kurmin Mashi, garejin Sanda. Ba don ya fi ni ba, don shi yake da rami da babban jak.

Yana ganina ya fara. Wai motar nan da mutum ce da tuni ta aurar da jika. Na ce masa ubansa yana koyon ɗaure takalmi lokacin da aka ƙera ta, kuma za ta kai shi makabarta shi ma in bai yi hankali ba. Ya yi dariya ya ce ai ya ga alama, ta binne motoci da yawa a titin nan. Ya so ya ɗaga ta gaba da baya ya duba komai. Na ce baya kawai, ban zo neman shawara ba. Ya ce, "Injiniya, taɓon nan fa? Ko ajiyarsa kake yi? Bari a wanke mata ƙafafu." Na ce kada kowa ya taɓa.

Muka zare farfelar baya, sandar ƙarfen da take juya tayoyin baya, muka duba kuros ɗinta, wato mahaɗarta. Akwai ɗan wasa a ciki, ba mai yawa ba, amma na sa aka canza. Muka zubar da man aksil ɗin baya, na murza shi a yatsa ina neman garin ƙarfe, babu. Aka zuba sabo. Na fito ina jin kamar na yi wani abu.

Kafin in kai gadar Kawo ta dawo.

Na makara wajen ɗauko su. Hauwa'u tana tsaye a bakin ƙofar asibiti da kula a hannu. Ta shiga mota, muka wuce gida.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Na sami inuwa mai kyau a harabar asibitin, ƙarƙashin wata darbejiya. Daga nan ana ganin tagogin sama. Ta uku daga matakala ita ce tasu. Ba kallo nake yi ba, wurin ne ya zo a haka.

Abokan aikinsa sun zo duba shi, su huɗu ko biyar. Suka durƙusa suka gaishe ni ina ƙarƙashin mota, ƙafafuna kawai suke gani. Ɗaya ya tambayi yaya mai jiki. Na ce da sauƙi. Ya tambayi wane ɗaki. Na kwatanta musu tiryan-tiryan, har da inda za su juya a bayan ɗakin nas-nas. Ban taɓa taka matakalar ba.

Likitoci suna ta kiran sunayen cututtuka. Asma'u tana kawo mini su a baki, rabi a karye. Na san ma'anar wasu. Na ce mata ban sani ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan an sauko

Asma'u ta sauko da saƙo. Ita ba ta san kunya ba, auta ce, ni na lalata ta. Ta jingina da ƙofar mota tana cin gyaɗa, ta ce an matsar da gadon Yaya kusa da taga, yana ganina kullum. Ya ce in riƙa shimfiɗa kwali in zan kwanta a ƙasa, damina ce, ƙasan da sanyi.

Na ce ta ce masa ya ji da kansa.

Ta ce ya kuma tambaya mece ce matsalar motar. Na yi mata bayani, ta ce, "Baba, a hankali, ni ba makarantar Turawa na yi ba." Na rage mata shi: gurnani, a kan kwalta, ba injin ba, ba birki ba, an canza kuros bai daina ba. Ta hau. Ba ta daɗe ba ta dawo, ta ce yana tambaya yaushe ƙarar ta fara.

Na ce ta daɗe.

Ta ce, "Ya ce in tambaye ka ko tun ranar gona ce."

Na ce ta ɗauke gyaɗarta daga kan bonet.

Duk tsawon shekarun nan, ni da shi a motar nan kaɗai muke hira. Kowace Asabar daga Badarawa zuwa gonar da ke bayan Rigachikun, ni a sitiyari, shi a gefe. Ba ma maganar aikinsa, don ya san abin da nake gani game da mutumin da ya sami gurbin karatun injiniya ya bari ya tafi haddace sunayen matattun sarakuna. Ba ma maganar iyalinsa. Sai dai in ce, "Ka ji wannan?" ya ce, "Kamar safirin na baya ne, Baba." In ce ba shi ba ne. Yawanci shi ne. Ita ce hirar, kuma ta ishe mu. Ni dai ta ishe ni.

Asabar, 23 ga Agusta, da yamma

Takalmansa suna nan a bayan mota, taɓon ya bushe a jikinsu. Na ɗaga tabarma na rufe su.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan La'asar

Saƙo na biyu. Asma'u ta ce Yaya ya ce ya san abin da yake damun motar.

Na yi dariya. Mutum yana kwance da robar iska a hanci, bai ji ƙarar ba ko sau ɗaya, wai ya sani. Na ce to ya faɗa mata ta faɗa mini. Ta hau, ta dawo. Wannan karon babu gyaɗa.

"Ya ce ba maganar aike ba ce. Ka shigo ya gaya maka da bakinsa. Ya ce ba za ta ɗauki lokaci ba."

Na ce in na gama abin da nake yi.

"Me kake yi, Baba?"

Na ce ina auna man giya. Ta dube ni yadda uwarta take dubana, ta juya.

Ban shiga ba.

Talata, 26 ga Agusta, da hantsi

Kurmin Mashi kuma. Na sa an canza boris ɗin baya duka biyu. Da aka fito da tsofaffin na juya su a hannu, lafiyarsu ƙalau, sumul kamar jiya aka sa su. Sanda ya ce ya riƙe su ko in tafi da su. Ya ƙara da cewa in haka zan ci gaba, nan da Kirsimeti na haɗa sabuwar mota daga baya zuwa tsakiya. Na ce ya yi aikinsa. Ya tambayi jikin malam, ya ce yaran garejin suna yi masa addu'a, shi yake kawo musu rake in mun dawo daga gona. Ban san yana yi ba. Ina cikin mota nake zama.

Ƙarar tana nan.

Alhamis, 28 ga Agusta, da yamma

Hauwa'u ta yi magana yau. Muna kan hanyar gida, Asma'u ta tsaya a asibiti tare da Habiba, matar yaron, don haka mu biyu ne. Ta bari sai da ƙarar ta taso sosai sannan ta fara, kamar tana son wani abu ya rufe mata murya.

Ta ce ita ta ɗauki cikinsa, ita aka fi sani da kunyarsa. Shekara arba'in ba ta kira sunansa ba, ba ta zauna tabarma ɗaya da shi ba, ranar aurensa ma ɗakin maƙwabciya ta shige ta ɓuya. Ta ce ranar da aka kwantar da shi ta ajiye wannan duka a bakin ƙofa tare da takalmanta. Yanzu ita take ba shi kunu a baki, ita take goge masa goshi, kuma sunansa take kira a gaban nas-nas da kowa. Ta ce ranar farko da ta kira, sai ya waiwaya yana neman wanda ya yi magana.

Na ce mata mace daban, namiji daban.

Ta ce, "Alhaji, wannan ba kunya ba ce. Na san kunya, na yi ta fiye da kai."

Na ce ta saurara, kamar sautin ya canza da muka hau gada. Ta juya fuskarta wajen taga.

Bai canza ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, da hantsi

In na shiga me zan ce? "Sannu"? Sannu ta mutanen da suka zo daga waje ce.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan Azahar

An yi ruwa tun safe. Ba a fita ba sai Habiba da ta tafi a Keke mai ƙafa uku. Ina zaune a zaure ina kallon motar, ruwa yana wanke mata taɓon da na hana a wanke.

Ranar gona ma an kwana ana ruwa. Ya zo da sassafe kamar kullum, ya gaishe ni, ya tsaya. Ba ya tsayawa. Ya ce, "Baba, ko mu bari sai wani satin? Yau jikina ba daɗi." Na ce zaman aji da shan shayi ne ya lalata su, masara ba ta san wani satin ba, taki yana jira. Ya shiga mota.

Wannan kawai zan rubuta.

A'a. Akwai kwarin nan kafin gona, inda ruwa yake kwanciya. Muka kafe a dawowa. Ya sauka ya kulle tayoyi, ta ƙi fita, ya koma baya ya tura. Ina ba ta wuta ina ce masa ya ƙara ƙarfi. Ina ganinsa a madubi. Na ga fuskarsa. Muka fito, muka hau busasshiyar ƙasa, na tsaya don ya buɗe makullan.

Wannan kawai.

Litinin, 1 ga Satumba, da yamma

Asma'u ta ce yau bai ci komai ba. Ta ce ya tambaya ko na gano. Ta ce masa a'a. Wai ya yi murmushi ya ce, "Ba zai gano ba. Ki ce ina jiransa."

Na ce rashin kunya ce. Ban san me ya sa na ce haka ba.

An canza labulen tagar. Da shuɗi ne, yanzu fari.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Na fara tunanin sauke ƙaramin akwatin giya, wanda yake raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. A ƙarƙashin kujera yake, daidai inda nake jin abin. Aikin kwana biyu ne ko uku a gareji. Na gaya wa Hauwa'u za su riƙa hawa Keke zuwa ƙarshen mako. Ta ce to. Ta ce ai da ma Keke ba ya tsayawa a ƙarƙashin bishiya.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan Magariba

Ban kai ta gareji ba. Ga abin da ya faru.

Na sauke su, na ce bari in koma gida in ɗauko kayan aiki. Layinmu tun da aka haƙa shi za a yi kwalbati aka watsar, in an yi ruwa sai ya koma fadama. Na shiga a hankali, ta zame, ƙafafun baya suka nutse suna juyawa a wuri ɗaya. Na taka birki, na cire giya, na ɗora hannu a kan sitiyari, na zauna.

Na daɗe a zaune. Wani mai Keke a bayana yana ta danna oda. Sai da ya leƙo ya ce, "Baba, lafiya? Wa kake jira?" sannan na gane jira nake yi. Jira nake a buɗe ƙofar dama, a sauka, a kulle tayoyi, a buga bonet sau biyu da tafin hannu, in sa giya. Tun yana ɗan sakandare haka muke yi. Tun da na sayi motar nan ban taɓa sauka na murɗa makullan nan da hannuna ba. Ni na koya masa, ranar farko, daga nan aikinsa ne. Babba ba ya sauka cikin taɓo ɗansa yana zaune.

Na sauka. Na murɗa na gefena, ya kulle. Na zagaya ta gaban mota zuwa dama. Tun ranar gona ban tsaya a wannan gefen ba. In zan buɗe wa Hauwa'u ƙofa daga ciki nake miƙa hannu. In zan duba taya daga baya nake farawa in ƙare a baya.

Na durƙusa, na kama makullin zan murɗa. Ya ƙi motsi. Na ƙara ƙarfi, sannan na duba. A kulle yake. Tuntuni a kulle yake.

Ranar nan, da muka fito daga kwarin, ta gabana ya fara bi. Ya buɗe na gefena, ina ganin ƙeyarsa ta taga. Ya zagaya nasa gefen, ya sunkuya. Ina jira a buga bonet. Ba a buga ba. Har na danna oda. Ashe a nan ya faɗi.

Taya ɗaya a kulle, ɗaya a sake. Ƙarfen dama yana juyawa, yana jan haƙoran aksil ɗin gaba su kaɗai, ƙarar tana bin farfela tana fitowa a ƙarƙashin kujerata. Ɗalibin shekarar farko zai gano wannan. Ni na koyar da shi ga mutane da yawa.

Ya sani tun ranar da Asma'u ta kai masa bayani. Shi kaɗai ya san inda hannunsa ya tsaya.

Na fita daga taɓon da ƙafa huɗu. A ƙofar gida na buɗe na gefena. Na dama na bar shi yadda na same shi. In na buɗe, ba ni da abin da zan shiga in tambaya.

Gobe zan hau. Zan ce, "Kai, an ce ka san abin da yake damun motar." Ya faɗa. In ce ba shi ba ne. Ya yi dariya. Daga nan sai abin da Allah ya sa a bakina.

Alhamis, 4 ga Satumba, da yamma

Na sa farar riga. Na je aski da safe, Hauwa'u ta dube ni, sai na ga ta ƙara kofi ɗaya a cikin kwando.

Na bar su suka riga ni. Na kulle mota, na taka matakalar. Ta fi yadda nake zato tsawo. Na juya a bayan ɗakin nas-nas, yadda nake kwatanta wa mutane. Ƙofar a buɗe take. Na hango ƙafafunsa a ƙarƙashin bargo, da gefen gadon, da hannun Hauwa'u.

Mahaifin Habiba yana ciki, shi da ƙannensa biyu, sun zo daga Rigasa. Suna zaune a kan benci suna addu'a. Surukai. Na tsaya a bayan ƙofa. In na shiga yanzu za su miƙe, a yi ta gaisuwa, a ba ni wuri, kowa ya zuba ido ya ga yadda uba zai yi da ɗan farinsa. Maganar mota kuma a gaban surukai, ana tsakiyar addu'a? Za su ce tsohon ya taɓu.

Na ce bari su fita. Na sauka na jira a mota. Ba su fita ba sai da aka kusa korar masu dubiya.

Asma'u ta ce ya ji ƙamshin turarena a baranda, ya tambaya ko ni ne. Ta ce masa ba ta gan ni ba, don ba ta gan ni ɗin ba.

Gobe Juma'a. Ta fi ma dacewa. Da sassafe, kafin kowa ya zo.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na shiga.

Asabar, 6 ga Satumba, da hantsi

Habiba ce ta bugo waya jiya, ina ɗaura agogo.

Sun ce a jira motar asibiti, ta fita. Na ce a'a, ga mota. Aka kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa tabarmar. Da aka ɗaga ta takalman suka bayyana, Asma'u ta ɗauke su ta rungume. Ni na tuƙa. Wani ya ce in ba shi makulli, na ce babu mai tuƙa ta sai ni.

Muna hawa kwalta ƙarar ta taso. Daga asibiti har Badarawa tana yi. Na rage gudu don ta yi shiru, sai kuma na ƙara.

An yi komai bayan an sauko daga masallaci. Mutane sun yi yawa. Ɗalibansa sun cika layin har bakin titi, cikin taɓo, da fararen kayansu. Ban san yana da mutane haka ba. Kowa ya zo sai ya kama hannuna ya kira sunan, ya ce Allah ya ji ƙansa. A bakin kowa yana fita da sauƙi.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan La'asar

An yi addu'ar uku, an naɗe tabarmi.

Na tambayi Asma'u ko ya taɓa gaya mata abin da yake damun motar. Ta ce ta roƙe shi har sau nawa, ta ce ya faɗa mata ko ta huta da hawa da sauka. Ya ce a'a, wannan tsakaninsa da Baba ne. Ta tambaye ni ko na gano. Na ce ban gano ba.

Hauwa'u tana ɗaki. Ta fito sau ɗaya ta ajiye mini ruwa, ta koma.

Na san abin da zai faru in aka ci gaba da hawa motar a haka. Haƙoran za su cinye juna, wata rana aksil ɗin gaba ya tsaya cak, kuma ba a samun irinsa yanzu ko a kasuwar Panteka. Murɗawa ɗaya ce, da yatsa biyu. Na zagaya ɗazu na durƙusa a wurin. Ruwa bai kai ga cibiyar tayar ba, akwai sauran busasshen taɓo a kan makullin, da shatin babban yatsa a jiki. Na tashi na bar shi.

Sharhabil, ɗana na fari, ya rasu ranar Juma'a da safe, kafin in iso.